Darasi na 11: Wayar Hannu da Zaman Lafiya da Maƙwabta, Labari Ma a Yi Masa Makulli Uku

Ga mai jan zama: a karanta wannan darasi da ƙarfi bayan an gama zubi an kulle akwati, kada a haɗa shi da lissafi. Zai ci zama biyu. A zo da ƙaramar waya guda, da babba mai shafawa in akwai mai ita, da littafin ƙungiya. Duk inda aka ga tambaya a tsaya, a bar mata su yi magana.

Ni ce mai zagaya ƙungiyoyinmu na yammacin birnin Katsina, daga unguwannin Ƙofar 'Yandaka zuwa ƙauyukan da ke kan hanyar Batsari. Ga wadda ba ta san wurin ba, ita ce ƙofar da Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta cikinta a 1903. Yau kuwa ta nan motocin yamma ke shigowa da hatsi, da marasa lafiya, da waɗanda suka baro gidajensu, da kuma labari. Labarin nan da yadda yake yawo a waya shi ne darasinmu.

A ƙungiyoyin da nake zuwa akwai matar manomi, akwai matar makiyayi. Akwai wadda aka kore su daga ƙauye cikin dare, akwai wadda aka ƙone masu ruga da rana tsaka. Tsofaffin cikinmu sun san ba haka aka taso ba. In an gama kaka manomi da kansa ke kiran Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har a ƙara masa da damin gero. Mai nono tana shiga har tsakar gida, a auna mata hatsi ta zuba nono da man shanu. Matar gari tana kai akuyarta ko karsanarta kiwo ruga, ba takarda ba shaida. Sai aka nome burtali da mashaya, satar shanu ta yi ƙamari a dajin Rugu, bindiga ta shigo, 'yan sa-kai suka tashi, aka koma in yaro ɗaya ya yi laifi sai a ɗora wa danginsa da ƙabilarsa gaba ɗaya.

Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, bai ɗore ba. Gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023. A 2025 kuma al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, irin su Jibiya da Batsari da Ɗanmusa, sun yi nasu zaman sulhun. Waɗannan manyan lamurra ne, kuma in za a zauna ba kasafai ake kiranmu ba. Amma akwai abin da ke hannunmu, ko a ƙulle a bakin zane, ko a ƙarƙashin filo: waya. Ta cikinta labari ke shigowa gida kafin maigida ya dawo daga masallaci, ta cikinta kuma yake fita.

Abin da waya ta taɓa yi mana

Wa ta tuna daren wankan gishiri? A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, waya ta tashi mutane kafin asuba ana cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Aƙalla mutum 2 sun rasu, wasu da dama aka kwantar da su asibiti. Ina so ku lura da abu ɗaya. Wadda ta kira ki a daren nan yayarki ce, ko ƙanwar mahaifiyarki, ko aminiyarki. Don tana son ki ta kira ki. Haka ƙarya ke tafiya a waya, a hannun masoya, shi ya sa take da wuyar tarewa.

Na gishiri ya tsaya a jikin wanda ya sha. Akwai wanda ya fi shi muni. A ranakun 23 da 24 ga Yuni na 2018 an kai hare-hare a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, an kashe mutane da yawa. Wannan ya faru da gaske. Amma a daidai lokacin sai wasu hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook ana cewa daga can ne. Da gidan BBC ya bincika, a rahoton da ya fitar a watan Nuwamba na shekarar, sai aka gano hoton jaririn da aka yaɗa ya daɗe da watanni a intanet kafin harin, bidiyon wani mutum da aka sare kuma a ƙasar Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Ran 24 ga wata matasa suka tare hanya, suka fiddo mutum 11 daga motoci suka kashe. Mutanen nan matafiya ne, ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Kun ga ke nan ana iya samun gaskiya da ƙarya a tukunya ɗaya. An kai hari, gaskiya ne. Hoton da ya sa jinin samari ya tafasa, ƙarya ne. Irin wannan ya fi ƙarya tsantsa haɗari, don in kin ce hoton nan ba na nan ba ne sai a ce kina kare masu kisa.

Tambaya: a cikin watan nan, wane labari ne ya shigo wayar gidanku wanda daga baya ya zama ba haka ba? Wa ya turo shi? Kada a kama sunan kowa, a ce dai 'yar uwa ce ko maƙwabciya.

Yadda wasu manoma da makiyaya suka yi a Kenya

A ƙasar Kenya akwai yankin bakin kogin Tana, inda ƙabilar Pokomo ke noma, ƙabilar Orma ke kiwo. Rigimarsu irin tamu ce sak, ruwa da ciyawa da hanyar shanu. Daga Agusta na 2012 zuwa farkon 2013 sun kashe juna, fiye da mutum 150 suka mutu. Da wata ƙungiya ta ƙasar Kanada mai suna Sentinel Project ta zo ta zauna da mutanen ɓangarorin biyu, sai ta tarar jita-jita ce ke hura wutar. A ce an kawo wa waɗancan bindigogi, sai waɗannan su ce gara mu riga su.

Suka kafa wani tsari da suka kira Una Hakika. Da harshen Suwahili ma'anarsa kana da tabbas? Kun ji kalmar haƙiƙa a ciki, irin tamu ce, daga Larabci muka aro mu duka. Duk wanda ya ji labarin da ya tsorata shi sai ya tura saƙo kyauta zuwa wata gajeriyar lamba, ko ya faɗa wa ɗan sa-kai na tsarin da ke ƙauyensu. A nan ɗan sa-kai ba mai bindiga ake nufi ba, mai bin diddigin magana ne. Su kuma sai su tuntuɓi mutanensu na wurin da aka ce abin ya faru, su bincika, su maido da amsa ga wanda ya tambaya da sauran mutanen yankin.

A ganina na'urar ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Saƙon tes ne kawai, irin wanda rakani-masai ɗinki ma tana yi. Abin da ya riƙe tsarin shi ne suna da mutum a ƙauyen manoma, suna da mutum a zangon makiyaya, kuma in an kira kowanne zai ɗaga. Mu ba mu da gajeriyar lamba, ba mu da kwamfuta. Amma muna da abin da su sai da suka sha wahala kafin su gina: mata 15 zuwa 25 da ke haɗuwa kowane mako, sun yarda da juna har suna ajiye kuɗi wuri ɗaya.

Makulli uku

Wannan tsarin namu na akwati ba daga nesa ya zo ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan jihar Maraɗi, nan maƙwabtanmu, da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashen duniya. Kun san dokarsa. Kwaɗo uku, makulli uku, a hannun mata uku, kuma mai ajiye akwati ba ta riƙe ko ɗaya. Ba don an ɗauki wata ɓarauniya ba. An yi haka ne don ranar da ɗanki zai kwanta ciwo, ko maigida ya matsa maki, kada ya zama ke kaɗai ce tsakanin kuɗin jama'a da buƙatarki.

To labari ma haka yake. Ranar da saƙo ya shigo cewa an kashe ɗan garinku, hankalinki ba ya jikinki, yatsa kuwa ba ya shawara. Shi ya sa nake so kowace ƙungiya ta yi wa labari irin abin da ta yi wa kuɗi. Duk labarin da ya ambaci wata ƙabila, ko wata ruga, ko wani ƙauye, ko sunan wani mutum da laifi, 'yar ƙungiya ba za ta tura shi gaba ba sai makulli uku sun buɗe.

Makullin farko: wa ya gani? Ki kira wadda ta turo maki, ki ce, "Yaya, da idonki kika gani ko faɗa maki aka yi?" In ta ce faɗa mata aka yi, ki karɓi lambar wanda ya faɗa mata. A bi haka a bi haka. Sau da yawa kafin kira na uku za ki ji an ce "wallahi ni ma a guruf na gani". To nan igiya ta tsinke, gani ya kori ji. Masu babbar waya su duba saman saƙon a WhatsApp. In akwai 'yar kibiya ɗaya, turowa aka yi, ba mai turowar ce ta rubuta ba. In kibiya biyu ce, saƙon ya bi hannu da yawa kafin ya iso. Kamfanin da kansa ya ga illar abin, shi ya sa tun Janairu na 2019 ya hana tura saƙo ga fiye da wuri 5 a lokaci guda, a Afrilu na 2020 kuma ya ce mai kibiya biyu wuri 1 kawai za a tura shi. Sai dai bidiyon da yara ke kwasowa a wurin mai caji, ta bulutut ko a memori, ba shi da kibiya ko ɗaya. Wannan ki ɗauke shi kamar naman da ba ki san wanda ya yanka ba.

Makulli na biyu: yaushe, kuma a ina? Nan ne matan karkara suka fi 'yan boko, ko da ba su iya karatu ba. A wani zama an nuna mana bidiyo ana cewa jiya-jiya aka ɗauka, muna tsakiyar hunturu. Wata dattijuwa ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta ce, "Malama, wanga gero ko kai bai fidda ba. Mu da munka gama sussuka, ina aka samu ɗanyen gero jiya?" Shi ke nan, magana ta mutu. Ki duba ciyawa, ɗanya ce ko busasshiya. Ki duba sama, hazo ne ko hadari. Ki duba ginin, irin namu ne? Itatuwan fa, da kayan jikin mutane? Ki kasa kunne ga harshen da ake yi a bayan bidiyon, ba muryar da aka ɗora a kai ba. Saƙon murya kuwa da ya fara da "yanzu-yanzun nan" amma bai faɗi rana ba, bai faɗi gari ba, mai maganar bai faɗi ko shi wane ne ba, zai iya shekara uku yana yawo kuma kullum yanzu-yanzu ne. Ku sani kuma an kai zamanin da ake iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura, har a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Masu 'ya'ya 'yan makaranta, akwai shafin Dubawa a intanet da ke bin diddigin irin waɗannan labarai, yana kuma yi da Hausa.

Makulli na uku shi ne mai nauyi, shi ne kuma dalilin wannan darasi: me mutanen can suka ce? In an ce 'yan ruga kaza suna shirin shigowa, wace mace muka sani a rugar da za mu kira? In a ruga aka ce 'yan gari sun hana sayar wa Fulani hatsi, ko sun ce duk mai nonon da ta shigo kasuwa a kama ta, wace mace suka sani a gari da za su kira? Na yi wannan tambaya a ƙungiyoyi da yawa. Sai ki ga mace da lambobi cike da waya, na Kano, na Legas, har na Makka, amma babu lambar matar da ta shekara goma tana kawo mata nono, wadda rugarsu ba ta fi tafiyar rabin awa ba.

Wannan lambar ce nake so a nemo. In ƙungiyarku duk matan gari ne, ku nemi mace biyu a ruga mafi kusa, dattijai waɗanda ake jin maganarsu. In duk matan ruga ne, ku nemi biyu a gari. In Allah ya sa a haɗe kuke, kun riga kun yi rabin aikin. Kuma kada a bari sai ranar tashin hankali a fara kira. Lambar da ba a taɓa kiranta an yi barka da haihuwa ko gaisuwar rasuwa ba, ranar tsoro ba za a ɗaga ta ba, in an ɗaga ma ba za a faɗi gaskiya ba. A riƙa kira ana tambayar farashin man shanu, ana sallahun wake. In an yi ciniki bashi, a tura kuɗin ta wurin mai POS ranar da aka yi alkawari, don wadda kika cika wa alkawarin naira dubu biyu ita ce za ta yarda da ke ranar da magana ta zama ta rai.

Waɗanda suka yi Islamiyya sun san aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni a binciki labari kafin a auka wa mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Mai jan zama tana iya roƙon malamar da ke cikinku ta karanto ta ta fassara.

Gargaɗi daban, zuga daban

A nan kullum ake tare ni, kuma da gaskiyar masu tarewa. Wata ta ce, "Malama, in an ce ga su nan tafe bisa babura, sai in zauna neman makulli uku?" A'a. Ki ɗauki 'ya'yanki ki tafi inda kuka saba fakewa, ki faɗa wa maƙwabta, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, a gwada ta tare da lambar jami'in da ya fi kusa da ku. In daga baya ya zama ba komai, asarar barci kawai kika yi.

Ki tambayi kanki abin da saƙon yake so ki yi. In yana cewa ki kauce, ki kauce tukuna, bincike ya biyo baya. In yana cewa a tashi, a rama, a tare hanya, a kore su, kada a sayar masu, ko ga sunan mai kai rahoto, to wannan ba ya da gaggawar da ta wuce makulli uku. Wanda ya ce maki "tura wa kowa kafin a goge" yana so ne yatsanki ya riga hankalinki.

Mu ma in za mu aika saƙon murya, mu yi shi yadda ba zai zama abin tsoratar da wasu baɗi ba. A fara da suna, da rana, da wuri. Misali: "Salamu alaikum. Mai riƙe da wayar ƙungiyar mata ta unguwa kaza ce. Yau Talata, 12 ga wata, bayan la'asar. Maganar da aka yi cewa an hana shiga kasuwa, mun kira can, mun yi magana da wadda ta je ta dawo, ba haka ba ne." In kuma gaskiya ne a ce gaskiya ne. In ba a samu tabbaci ba a ce har yanzu ana bincike. Amsar nan a mayar da ita ta hanyar da jita-jitar ta biyo, wato ga wadda ta turo da guruf ɗin da aka gani. Yawancinmu in mun gano ƙarya sai mu yi shiru abinmu, ita kuwa tana can tana tafiya.

Ranar da shanu suka shiga gona

Yawancin faɗan da na sani daga nan yake farawa, kuma sau da yawa gonar mace ce, don wake da gyaɗarmu su ke kwana a gona bayan maza sun kwashe gero. A jihar Maraɗi, a ƙauyen Toda na yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci fiye da mutum 100 a watan Oktoba na 1991, akasarinsu mata da yara na makiyaya. Shekarar da aka fara akwatinmu ke nan, a jiha ɗaya. A Nijar yanzu hukuma ce ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara, a sanar a rediyo, kowa ya san ranar da dabba za ta iya shiga. Mu ma ba abin da zai hana mu kira maƙwabtanmu mu ce, "Inna, a faɗa wa yara gonakin gabas da saura, wake bai gama bushewa ba, sai bayan Juma'a biyu." In an kwashe kuma a sake kira a ce an kwashe. Kiran nan bai kai kuɗin ƙullin gishiri ba.

In ɓarna ta riga ta auku, waya tana da amfani biyu, ke za ki zaɓa. Ki sa a ɗauki hoton wurin tun sawu bai bushe ba, wani ya tsaya a farkon ɓarnar wani a ƙarshenta don a ga faɗinta, a ɗauki inda ba a taɓa ba shi ma. Hoton nan a kai wa mai unguwa da arɗo su biyu, su ne za su tsayar da abin da za a biya, kuma da hoto gardamar "kunya uku ce" da "rabin gona ne" tana raguwa. Wannan hoton dai, in kika ba ɗanki ya sa a guruf ɗin samarin gari da rubutun "ku ga abin da suka yi mana", kafin magariba ya zama wani abu. Don haka kiran farko na mai unguwa ne, na biyu na matar nan ta ruga don ta shaida wa arɗo, samari su ji daga bakin manya. Haka in an wayi gari saniya ta ɓace ko an sare ta, matar ruga ta kira ta gari kafin zargi ya kwana.

Kada a ce maki infoma

Dole in faɗi wannan ƙarara, don rai ne. A yankinmu kalmar infoma tana kashe mutum. Matar gari da aka ga tana yawan waya da ruga, ko matar ruga da aka ga tana waya da gari, ana iya yi mata wannan fassara. Saboda haka ba na so kowace mace ta yi wannan aiki ita kaɗai ko a ɓoye.

Kafin a fara, shugaba da mata biyu su je wurin mai unguwa ko dagaci su yi masa bayani, can ma a je wurin arɗo. Mazajen waɗanda za su riƙe lambobin su sani, su yarda. A rubuta lambobin a bayan littafin ƙungiya inda kowa zai gani. In hali ya yi a sayi ƙaramar waya ta ƙungiya daga kuɗin tara ko asusun taimako, a tsayar da abin da za a riƙa sa mata na kati da caji kowane wata, a rubuta kamar yadda ake rubuta komai. Wayar ba a akwati za ta kwana ba, tunda akwati sai mako-mako ake buɗewa. Tana hannun mace ɗaya da aka zaɓa, kuma in za a yi kiran bincike a sa a sifika, mata biyu na zaune suna ji. Ni na fi son masu riƙe makullin labari su zama daban da masu riƙe makullin kuɗi, don kada nauyi ya taru wa mutum uku.

Akwai abin da ba a faɗa a wannan waya ko da wa ake magana: inda jami'an tsaro suke ko lokacin da suke wucewa, wanda ya sayar da hatsi ko dabba ya riƙe kuɗi, wanda ya dawo daga tafiya, ranar rabon kuɗin ƙungiya da gidan da akwati yake. Kuma wannan ba hanyar magana da 'yan bindiga ba ce. Mu da maƙwabtanmu mata muke, waɗanda su ma ake sace wa shanu ake kashe wa 'ya'ya. In baƙuwar murya ta kira tana tambaye-tambaye, a kashe, a kai lambar wurin mai unguwa a ranar. In kuma a wurinku abin ya yi zafin da ko wannan zai jawo wa mace bala'i, a dakata da makulli na uku, a riƙe na ɗaya da na biyu har ƙura ta lafa. Ku ke zaune a wurin, kun fi ni sanin zafinsa.

In babu sabis fa?

Mun taɓa gani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsin-Ma, aka yi watanni a haka. Mutane sai sun shigo mota zuwa birni kafin su kira 'yan uwansu, na bakin iyaka wasu suka koma layin Nijar. Jita-jita kuwa ba ta tsaya ba, ta koma bakin tasha da bakin rijiya, ga shi babu hanyar kira a tambaya. Don haka kowace ƙungiya ta tsayar tun yanzu: in waya ta mutu, wane direba ko ɗan acaɓa muka yarda da shi ya kai saƙo ya kawo amsa, a wace kasuwa kuma za mu haɗu da matan can, a rumfar wa. A kuma riƙe rediyo da batir.

Aikin da za a zo da shi zama na gaba

A zaɓi mata uku masu makullin labari, da mai riƙe waya, a rubuta sunayensu. A yi wasan kwaikwayo na minti goma: wata ta shigo da gudu da saƙon murya cewa an ga baƙi a ruga, sauran su gwada tambayoyin nan a kanta, wata ta zama matar da aka kira a can. A tattauna ko ƙungiya za ta sa tara ga wadda ta tura labarin zuga ba tare da ta kawo shi an bincika ba, da nawa za a sa. Wasu ƙungiyoyi sun daidaita ta da tarar makara, wasu sun ce jan kunne ya isa a karon farko. Ku za ku yanke.

Sai lambobi biyu na matan can ɓangaren. A nemi izininsu kafin a rubuta, a gaya masu dalili, a ba su namu su ma. In mako ya zagayo ba a samu ba, kada a karɓo lambar da ba a san mai ita ba don a cike gurbi. A bar wurin fili a littafi, ranar da na zo zagaye sai mu je wurin mai unguwa tare.